Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Darasin Wake a Aji Uku

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a shekarun koyarwa a wata firamare da ke bakin fadamar Argungu. Yau darasi guda za mu shimfiɗa, na tsirowar iri, domin shi ke fara sa ɗan aji uku ya ɗaga hannu ya yi tambayar da ba wanda ya sa shi.

Kayan aikin ba sa cin kuɗi. Kowace ƙungiya ta yara 6 tana buƙatar gwangwanayen tumatir 4, ƙusa, busasshiyar ƙasar jigawa, da wake cikin tafin hannu. A fara tsince waken. Duk ƙwayar da ƙwaro ya huda a fitar da ita, don da wuya ta fito, yaro kuwa zai ɗauka shi ne bai iya ba. A huda gindin gwangwani 3, na huɗu a bar shi a toshe. Ƙwaya 3 a kowanne, zurfin gaɓar yatsa. Na farko ya zauna bakin taga, ruwa cokali 5 kowace safiya. Na biyu ko ɗigo. Na uku a ba shi ruwa amma a kife masa kwali. Na huɗu a cika shi har ruwa ya kwanta a kai.

A shuka ran Litinin. Da zafi wake kan leƙo cikin kwana 3 zuwa 5, da hunturu ya kan yi nawa. Ran Juma'a a shigar da komai ɗaki a kulle, in ba haka ba awaki su riga ku.

Yaran ne ke awo, ba malami ba. Kowace safiya su tsaya da tsinken tsintsiya gefen tsiron, su karya shi daidai tsawonsa, su manna a takarda da kwanan wata. Bayan kwana 10 tsinkayen sun jeru kamar matakala.

Wurin da malamai da yawa ke ɓata darasin shi ne baki. Za a ɗaga kwali a tarar da tsiro dogo, siriri, rawaya fatau, ya ma ɗara na bakin taga tsawo. Yarinya za ta ce, "Malam, me ya same shi?" Amsa na kan harshe, amma a haɗiye ta. A ce, "Ina ya kwana? Ina wancan ya kwana?" A bar su su yi gardama. Na ruwa kuma a tono shi su shinshina: ya ruɓe, saboda ruwan ya kori iskar da ke cikin ƙasa, iri kuwa yana numfashi.

Nan ne 'ya'yan manoman fadama kan kawo tambayar da ta fi kowace daɗi: to ya aka yi shinkafa ke zama cikin ruwa ba ta ruɓewa? Kada a amsa ran nan. A tura su gida su tambayi iyayensu, kowa ya zo da karan shinkafa. A yanka shi a tsaye da reza (a hannun malami take zama), su ga cikinsa fayau. Shinkafa na da hanyoyin iska daga ganye har saiwa, abin da wake ya rasa a cikin gwangwanin nan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko awon inuwa da sanda a filin makaranta.