Yadda Na Sa wa Babur Ɗina Gajeren Maƙalin Lamba

Babur ɗin da nake hawa Yamaha MT-07 ne, na zubin farko da aka fara sayarwa a 2014, mai inji 689cc, kuma na hannu na saye shi. Kamar sauran manyan baburan da ake ƙerawa domin kasuwar Turai, ya zo da dogon hannun roba a bayansa wanda ke ɗauke da lamba, da fitilun sigina biyu, da 'yar fitilar da ke haska lambar, da jan madubi mai mayar da haske da dare. Wannan hannun na cire, na maye gurbinsa da gajeren maƙali na ƙarfe wanda ke janyo lambar zuwa ƙarƙashin fitilar birki, domin bayan babur ɗin ya tsuke ya yi kyan gani.

Aikin kwance notuna ba shi da wuya. Na ɗaga kujerun, na fara zare wayar batir ta ɓangaren nagetif don kada wata waya ta taɓa jikin ƙarfe ta ƙona fiyus, na ɗauki hoton soket-soket ɗin kafin in raba su, sannan na kwance tsohon hannun. Sabbin notunan kuwa sai da na ɗiga wa kowanne shuɗin gam ɗin da ke hana noti kwancewa, saboda inji mai silinda biyu yana da jijjiga, kuma ramukan titunanmu suna sassauta duk abin da aka ɗaure da ƙarfin hannu kawai.

A wayarin ne aikin ya ci lokaci. A baburan Yamaha wayar siginar hagu ruwan ƙasa ce, ta dama kuma kore mai duhu, baƙa ita ce ta komawar wuta. Na ƙi yanke ko ɗaya daga wayoyin asali, na nemi 'yan soket masu shiga cikin na kamfani kai tsaye, na kuma rufe kowace mahaɗa da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, domin salatif yana saki da zarar ruwa da ƙura sun same shi. Da na kunna sababbin siginonin, waɗanda na LED ne, sai suka riƙa ƙiftawa da sauri fiye da kima. Dalilin shi ne kwan asali yana jan wat 10, na LED kuwa abin da yake ja bai taka kara ya karya ba, shi kuma rilen da ke sarrafa ƙiftawar an yi shi ne ya ƙara sauri idan wutar da ake ja ta ragu, don ya sanar da mahayi cewa kwai ya mutu. Ana gyara wannan ta hanya biyu: a ƙara rezista, wato 'yar na'urar da ke ƙara yawan wutar da ake ja, a kowane gefe, ko a sauya rilen da wanda aka yi domin LED. Na zaɓi ta biyun, saboda rezista tana yin zafi ƙwarai, kuma ƙarƙashin kujera duk roba ce da wayoyi. Bayan sauyin ƙiftawar ta koma cikin ƙa'idar da aka sani, wato sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin lamba da taya. Tayar baya ta wannan babur tana iya tasowa har milimita 130 idan shokazoba ya matse gaba ɗaya, don haka lambar da ta yi daidai babur yana tsaye tana iya gogar taya idan aka faɗa rami da fasinja a baya. Na sa ƙanena ya zauna a baya muka danna, na auna, na kuma bar ƙarin sarari domin duk lokacin da aka ja sarƙa tayar tana ƙara matsawa baya. Ban kwantar da lambar ta kalli sama ba kamar yadda wasu matasa ke yi. Dole ta karantu daga baya, da fitilarta da jan madubinta, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suna da hujjar tsayar da wanda ya ɓoye tasa. Siginonin ma na ware su sosai, don direban da ke biye da ni ya bambance hagu da dama.

Akwai farashin da mai sayarwa ba ya faɗa. Dogon hannun nan yana tare ruwa da laka, kuma ruwan farko da na shiga bayan cire shi ya zana mini jan layi daga kujera har wuyan riga, ya kuma cika ƙasan fitilar birki da taɓo. Wanda ke goyon iyali kullum a kan hanyar jar ƙasa, shawarata ita ce ya bar na asali a wurinsa. Ni na adana nawa a kwali tare da notunansa, kuma tunda ban yanke waya ba, ina mayar da shi idan damina ta kankama a watan Yuli, in sake cire shi a Oktoba.