Almakashin Bahago

13 ga Agusta, Tudun Wada, Kaduna

Ruwa ya kwana yana zuba, irin na marka, ba tsawa ba iska, sai jiƙa komai. Sai wajen ƙarfe tara na samu fita, na bi gefen kwata har Kasuwar Barci, ƙafar wandona duk taɓo. Babu wuta, don haka keken ɗinki na lantarki ya huta, muka koma kan tsohuwar Butterfly ta ƙafa.

Ina shimfiɗa wata shadda a kan tebur, yaron da ke koyon ɗinki a wurina ya ɗago kai daga waya ya ce, "Oga, ashe yau ranarmu ce." Na ce ranar su wa? Ya ce, "Ranar bahagwai ta duniya." Ya miƙo mini wayar da hannun dama, hagu na tallafe da ita, kamar yadda aka koya masa a gida. Na karanta. Wani Ba'amurke mai suna Dean Campbell ne ya ƙirƙiro ta a 1976, kuma wai cikin kowane mutum goma akan samu kusan ɗaya bahago. Na ƙirga telolin layinmu a zuciya, mun haura talatin, amma wanda na sani yana aiki da hagu a fili yaron nan ne kaɗai. Sauran ina suka shiga? Na san inda ɗaya ya shiga, domin ni ne.

Bahago aka haife ni. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ɗaure mini hannun hagu da ɗankwali idan za a ci tuwo, wannan kuwa ban taɓa riƙe ta da shi ba, don cin abinci da dama koyarwar Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma har gobe a kanta nake. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na firamare. Akwai malamin da yakan buga mini gefen rula a kan yatsu duk lokacin da ya ga fensir a hagu. Shekara guda cur ina tsoron rubutu. Na koma dama dole, har yau kuma rubutuna a karkace yake.

Shi ya sa kunya ta kama ni da safen nan. Wata uku ina yi wa yaron nan faɗa a kan yanka. Kullum sai ya kauce wa layin alli, ko yadin ya naɗe a bakin almakashi, ni kuma ina cewa hankalinsa na kan waya. Yau na karɓi almakashin da hannun hagu na gwada a kan ƙyalle. Nan take na ga matsalar. Bakin da ke sama yana ɓangaren dama ne, ko ta yaya ka juya shi a nan yake zama. Mai dama yana kallon layinsa sarai, amma a hannun hagu bakin nan ya rufe layin, sai dai ka leƙa ta bayansa. Sannan matsin babban yatsa, wanda a dama yake haɗe bakunan biyu, a hagu raba su yake yi, yadi ya samu hanyar shigewa tsakani. Ashe ba sakaci ba ne, kayan aikin ne ba a ƙera don hannunsa ba. Na ce masa ya yi haƙuri. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Oga." Ni dai na san da komai.

Bayan azahar na tafi wurin mai shayi, na tarar da tsohon direban nan da kowa ke kira Baba, wanda ya yi shekaru yana jan gingimari tsakanin Legas da Kano. Na ba shi labarin ranar, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗana, ai ƙasar nan gaba ɗayanta bahaguwa ce a da." Tun zamanin Turawan Ingila a hagun titi ake tuƙi, sai ranar 2 ga Afrilu 1972, lokacin mulkin Gowon, aka wayi gari an koma dama, saboda Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey (Benin ta yanzu) duk a dama suke, irin tsarin Faransa, ga motoci na tsallaka iyaka kullum. Ya ce abin da ya fi ba su wuya shi ne shataletale, hannu ya saba zagayawa ta wani gefe, an ce a bi ɗaya gefen. "In hagu ta ƙiya a koma dama," in ji shi, "amma mu tamu ba ta ƙi ba, doka ce ta zo." Ya ƙara da cewa mahaifin Sarauniyar Ingila, wadda aka yi wa hawan daba a nan Kaduna a 1956, Sarki George na shida, shi ma bahago ne aka tilasta masa rubutu da dama. Wato har gidan sarauta abin bai bari ba. Wani da ke gefe ya ce ai a fagen dambe ba a raina bahago, domin naushinsa ta inda ba a zata yake fitowa. Mai shayi kuma ya tuna mana Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruk Bahago, sunan da ake faɗa da girmamawa. Duk da haka mu ne dai muke cewa "bahaguwar fahimta" idan mutum ya fahimci abu a karkace.

Da la'asar yaron ya ci gaba da tono mana abubuwa. Kangaru, dabbar Ostireliya mai goyon ɗanta a aljihun ciki, yawanci da hagu take kai ciyawa baki. Aku iri-iri ma da ƙafar hagu suke riƙe abinci. Giwa kuwa haurenta ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, don akwai wanda ta fi aiki da shi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na biro. Ina rubuta awon wani mutum a littafi ya ce, "Oga, ka san sunan mutum ne a hannunka?" Laszlo Biro, ɗan jarida ne a ƙasar Hangare. Ya lura tawadar buga jarida tana bushewa da wuri, ba kamar ta alƙalamin zuba tawada ba, sai dai kaurinta ya hana ta gangarowa. Shi da ɗan'uwansa masanin haɗa sinadarai suka sa ɗan mitsitsin ƙwallo a bakin alƙalamin, yana juyawa yana ɗebo tawada yana shafa wa takarda. Ya yi rajistar abin a 1938, yaƙi ya kore shi zuwa Ajantina, can kuma har yau ranar haihuwarsa, 29 ga Satumba, ita ce ranar masu ƙirƙira. Shekara nawa ina cewa "ara mini biro" ban san ina ambaton wani bawan Allah ba.

Na iso gida bayan magariba na tarar da autata, mai shekara shida, kwance a tabarma tana aikin gida a hasken fitilar caji. Da hagu take rubutu. Mun jima muna ja-in-ja da mahaifiyarta a kan wannan, ita tsoronta kada a yi wa yarinyar gori a gidan miji wata rana, kuma tsoron nata ba na banza ba ne, na san mutanenmu. Na kama hannun na duba, gefensa duk shuɗin tawada, domin boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, hannunta na bin bayan abin da ta rubuta yana gogewa. Na ce ta ɗauko littafin Islamiyya. Shafukan tas, ko ɗigo babu, tunda Larabci daga dama yake farawa, hannun na gaba rubutu na biye.

Na nuna wa uwar littattafan biyu, na kuma ba ta labarin rula, wanda ban taɓa faɗa mata ba duk zamanmu. Ta yi shiru can ta ce, "To Malam, ci da sha da miƙa wa manya abu fa?" Na ce waɗannan da dama, babu sassauci. Rubutu da wanki da riƙe tsintsiya a bar mata hannunta. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na ce amin.

Na karkata wa yarinyar littafin kaɗan zuwa dama, na nuna mata ta riƙe biron nesa da bakinsa, hannun ya zauna ƙarƙashin layi. Ta gwada layi biyu, gogewar ta ragu. Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa, ta wanke hannu, ta sa dama ba tare da kowa ya ce mata komai ba.

Kafin in kwanta na kira mai kawo mana zare da allura daga Kano, na ce ya bincika mini almakashin hagu, na tela, babba. Ya ce bai taɓa sayar da irinsa ba, amma zai tambaya a Kwari ranar da ya shiga.