Gyada, da uwar Carver

Yau dai ranar gyada ce a gidan nan. Inna ta tashi da matsar mai tun hantsi, ni kuma Auta ta maƙale min wai sai na taya ta aikin makaranta, an ce kowa ya rubuto tarihin wani masani da ya taimaki noma, ita aka ba ta George Washington Carver. Sai da ta yi sau uku kafin sunan ya zauna a bakinta. Na bar wankina a bokiti muka baje kan tabarma gefen turmi, ina faɗa tana rubutawa.

Baƙar fata ne ɗan Amurka, masanin tsirrai da haɗa sinadarai. A 1896 Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee a Alabama, ya kira shi koyarwa, can ya yi shekara 47 har ya rasu a 1943. Manoman wajen auduga kawai suke zubawa shekara da shekaru har ƙasa ta gaji, shi ne ya dinga bin su yana cewa ku hutar da gonar nan, ku sa gyada da wake da dankali, don saiwar gyada da ta wake na mayar wa ƙasa da naitirojin, wato sinadarin da ke ciyar da shuka, wanda auduga ke zuƙewa. Har keken doki ya sa aka haɗa ana zagawa ƙauyuka da kayan koyarwa.

Baba na alwala yana jin mu, ya ce "to wannan ai kakana bai yi boko ba amma bai taɓa shuka gero babu wake a tsakani ba." Muka yi ta dariya. Da na kai kan ɗan littafinsa na 1916 mai hanyoyi 105 na sarrafa gyada a ci, Inna ta tsaya da murza tunkuza ta ce "ɗari da biyar? Da ƙuli-ƙuli a ciki?" Ta ce in babu a kawo mata littafin ta cike masa ɗari da shida. Auta har da faɗuwa.

Sai na koma farkon rayuwarsa, nan ne abin ya canza. Cikin bauta aka haife shi a Missouri wajen 1864, ranar haihuwarsa ma ba wanda ya rubuta. Yana jariri mahara suka zo suka kwashe shi da uwarsa Mary. Ubangidansu Moses Carver ya tura a nemo su, jaririn kaɗai aka dawo da shi. Shi da matarsa Susan suka raine shi, sunansu ne ma yake amsawa. Na wuce zan shiga zancen kwalejin Kansas da ta ɗauke shi ta takarda, da ya zo suka ga baƙi ne suka ce a'a, sai Inna ta tare ni.

"Ke, dakata. Uwar fa?"

Na ce Inna ba a sake ganinta ba.

Ta yi shiru hannunta sharkaf da mai, tana ta mulmula ƙuli ɗaya wanda tuni ya mulmulu. Can ta ce "ashe can ma an yi wannan. Allah sarki, ko ta san ya rayu." Ba ta ƙara magana ba har ta sauke kasko. Irin wannan ne ya samu mutanen garin su Inna bara, ba sai na maimaita ba, ni ce dai ban yi tunani ba na karanto shi a gabanta kamar labarin wasa.

Wallahi tun ɗazu maganar nan ke min yawo. Mutumin ya yi digiri biyu a Iowa, ya tsaya gaban kwamitin majalisar Amurka a 1921 aka ba shi minti goma kan gyada suka yi ta ƙara masa lokaci, kullum da fure maƙale a kwat ɗinsa, duk na haddace wannan, amma ban taɓa tsayawa kan matar ba sai da Inna ta tambaya.

Wuta ba a kawo ba. Wanki na nan jiƙe, sai gobe. Mai kwalba huɗu aka samu, Yaya ta aiko a ajiye mata ɗaya.

Na duba littafin Auta bayan isha, shafi ɗaya da rabi duk gyada da auduga. Na tashe ta na ce ƙara layi ɗaya ki sa sunan uwarsa. Ta ce malam bai tambaya ba. Na ce ki sa dai.