Koyar da yanayi a sakandaren Jos: aikin yana fili, ba a allo ba

Ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare zai iya haddace cewa yanayin yau da gobe daban, yanayin da aka san gari da shi daban, ya ci makinsa a jarrabawa, amma ka miƙa masa ma'aunin zafi ya rasa inda zai duba. Abin da aikin nan ke koya wa malamin labarin ƙasa da wuri shi ne, yara ba sa riƙe darasin sai sun cika littafin awo da hannunsu. Daga littafin ne suke gane dalilin da ya sa masana ke tara awon shekara 30, kamar na 1991 zuwa 2020 da ake aiki da shi yanzu, kafin su ce ga halin gari. Damina ɗaya ba ta isa shaida ba.

Ma'aunin ruwan sama ya fi komai araha, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Na asali mazurarinsa yana da faɗin milimita 127, bakinsa na tsayawa santimita 30 daga ƙasa don kada ruwan da ya fallatso ya shiga. A nisanta shi da gini ko bishiya aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Makarantu da yawa suna kafa shi gindin mangwaro ko jikin ofishin shugaban makaranta don tsoron ɓarayi, sai ya koma auna ruwan indararo. Wani kuskuren kuma, idan kwalbar awon ta fashe sai a aro ta ɗakin gwaje-gwaje mai nuna mililita, a rubuta lambar a matsayin milimita. A mazurari mai wancan faɗin, milimita ɗaya na ruwa yana ba da kusan mililita 12.7, don haka dole a raba lambar da 12.7. In babu kuɗin saye, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da shimfiɗaɗɗen gindi ya wadatar: zurfin ruwan da rula ta nuna shi ne awon. A gaya musu milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, su lissafa abin da rufin ajinsu ya tara. Nan idonsu ke buɗewa.

Ana karantawa a lokaci ɗaya kowace safiya, a zubar, a mayar. Babbar matsala ita ce dogon hutu yana faɗowa a Agusta, tsakiyar damina a Jos. In ba a ɗora aikin a kan mai gadi ko ɗaliban da ke kusa ba, littafin zai fito da rami a watan da ya fi muhimmanci. Ranar da ba a auna ba a ja layi, kada a sa sifili, domin sifili yana nufin an duba babu ruwa.

Zafin da ake so na iska ne a inuwa, shi ya sa ake ajiye ma'aunan a farin akwatin katako mai luba, sama da ƙasa da mita ɗaya da 'yan kai, a kan ciyawa, ba kan siminti ba. Littattafai sukan ce ƙofar ta kalli arewa. Wannan ƙa'idar Turai ce, inda rana ke bi ta kudu da tsakar rana. Jos tana kusa da digiri 10 arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, kuma daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana na bi ta arewa da mu da tsakar rana. Abin lura kawai, kada hasken rana ya faɗa kan gilashin yayin karatu. A tuna da mayar da alamar ma'aunin ƙololuwa da ƙarancin zafi da maganaɗisu. In an manta, lambar jiya ce za ta yi ta maimaita kanta. Lagwanin ma'aunin laima kuwa da hunturu yakan bushe ko ƙura ta daskare a kansa, sai ma'aunan zafinsa biyu, mai jiƙaƙƙen lagwani da busasshe, su nuna abu ɗaya, yara su rubuta cewa iska cike take da laima alhali leɓɓansu na tsagewa.

Kibiyar iska inda iskar ta fito take nunawa, kuma da can ake kiran sunanta. Duba ta na wata biyu ya fi zane goma a allo: da damina daga kudu maso yamma, ɗauke da laimar tekun Atlantika, da hunturu daga arewa maso gabas, da hazon Sahara. Layin da iskokin biyu ke haɗuwa yana hawa arewa yana saukowa, kuma shi ke kawo mana ruwa wajen Afrilu ya janye shi a Oktoba.

Malamin Jos ya yi sa'a, garin kansa darasi ne. Tsayinsa ya kai kusan mita 1,200, zafi kuma na raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Tsakaninmu da Abuja akwai bambancin mita 700 zuwa 800, lissafi ya ba da kusan digiri 5. Duk yaron da ya taɓa saukowa ta Hawan Kibo, gangaren da ke hanyar Jos zuwa Abuja, ya cire rigar sanyi ya riga ya san amsar. Daga nan sai a haɗa da dankalin turawan Bokkos da Mangu, wanda ke son sanyi.

Lissafin jarrabawar WAEC da NECO ba shi da wuya, amma nan maki ke zubewa. Matsakaicin zafin yini: a haɗa mafi yawa da mafi ƙaranci a raba biyu. Ruwan shekara tarawa ake yi, ba a raba shi da 12. A zane, ruwa sanduna ne, zafi layi, kowanne da ma'auninsa a gefe. Idan hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, a manna na Filato a bangon aji, a bar ɗalibai su gwada ranar faɗuwar damina da aka yi hasashe da abin da gwangwaninsu ya tara.