Abin da hazon Lamingo ya koya mini

Shekarata uku ina ɗaukar hoton biki da suna a wani situdiyo kusa da Taminus a Jos kafin na taɓa juya kyamara wajen dutse. A wurin biki, in duhu ya yi sai ka kunna filasha, shi ke nan. Da wannan sanin na tafi dam ɗin Lamingo wata asuba a watan Agusta, ina son ɗauko duwatsun Shere a lulluɓe da hazo. Na dawo da hotuna sun fi 40, kowanne fari fat.

Maigidana ya duba, ya ce: "Ɗana, ai ruwa ka haska, ba dutse ba." Hazon damina ƙananan ɗigon ruwa ne masu yawo a iska, hasken filasha yana bugun na kusa ya dawo wa kyamara. Duk direban da ya taɓa bin Hawan Kibo da asuba ya san wannan, shi ya sa yake saukar da fitilarsa ƙasa.

Daga nan na fara karatun sama. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura 1,800. In an yi ruwa da yamma, sama ta washe da dare, iska ta kwanta, sai ƙasa ta huce, sanyi ya gangara kwari, hazo ya kwanta a kan ruwa. Da rana ta ɗaga ya watse. Wanda ya tsaya shan shayi bayan sallar asuba ya makara. Hazon hunturu kuwa, ko da sunansu ɗaya, ƙura ce: yini yake yi, kuma in ka goge gilashin kyamara ba ka fara hurewa ba, sai ka karce shi.

Ita ma kyamarar sai da na daina yarda da ita ido rufe. Ma'aunin haskenta yana ƙoƙarin mayar da komai ruwan toka, don haka takan dusashe farin hazo. Sai na ƙara mata haske mataki ɗaya. Saitinta na kai-da-kai, mai sa hoto ya fito tar, yana ruɗewa in babu layin da zai kama, dole na koma murɗa idon kyamarar da hannu. Sauran abu ne mai sauƙi: mazauni mai ƙafa uku, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100 ko 200, idon kyamara a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 20, jinkirin daƙiƙa 2 bayan danna maɓalli don kada yatsa ya girgiza ta, batir na biyu a aljihu saboda sanyi na cin caji.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gane cewa ba hazon ake ɗauka ba. Wata biyu ina auna nesa, ina samun fanko. Sai wata rana bishiyar turare ta shigo gefen hoton, baƙa ƙirin, kusa da ni. Ta bayanta ta ɗan dusashe, ta uku da ƙyar ake ganinta, can kuma dutse kamar inuwa. Wannan dusashewar daki-daki ita ce ke gaya wa ido nisa. Tun ranar, in na isa wuri, abu ɗaya mai duhu nake fara nema a gabana, kuma in akwai fitila ina so ta zo daga baya ko gefe, domin a nan hazo yake nuna jikinsa.

Ba na zuwa ni kaɗai, kuma nakan je tun da rana in gaisa da mutanen wurin, don kada a ga baƙo da ƙarfe a tsaye cikin duhu. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai lambu, shi ya ba ni hoton da na fi so. Na buɗe ido daƙiƙa 15 sai ga shi ya biyo bakin ruwa da tocila. Na ce, "Baba, ci gaba da tafiyarka." Shi bai fito a hoton ba, sai siririn zaren haske da ya ratsa tsakanin bishiyoyin ya shige cikin hazo.