Jatan landen Sanganeb da ba a raɗa wa suna ba

Kakana ya tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, a gaɓar Sudan, zuwa Jidda bayan ya shafe shekaru yana tafe a ƙasa daga Kano, amma labarin teku da ya bar mana bai wuce igiyar ruwa da addu'a ba. Da na je Fot Sudan ziyarar dangi, watanni kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, sai ɗan kawuna mai karatun kimiyyar teku ya ce mini: "Yaya, gobe za mu Sanganeb ɗibar jatan lande, ka shirya mu je." Ni dai jatan landen da na sani shi ne busasshen da ake dakawa a zuba a miya.

Bayan asuba muka shiga kwalekwale mai inji, mu shida: ni, ɗan kawuna, abokan karatunsa da malaminsu. Sanganeb zoben duwatsun murjani ne a tsakiyar teku, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, da doguwar hasumiyar fitila a kansa. Tun 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Suka ɗaura mini gilashin ido, na tsoma kai a ruwa inda bai wuce ƙirji ba. Abin da ya fara zo mini ƙara ne, taf-taf-taf ta ko'ina, kamar wuta ta kama busasshen kara. Ashe jatan landen ne. Irin da ake kira Alpheus yana da hannu ɗaya ƙato kamar awartaki. Idan ya datse shi, sai ruwa ya fita da tsananin gudu har ya haifar da kumfa, fashewar kumfar ce ke ba da sautin, tana kuma sumar da ƙananan halittun da yake farauta. A gindin wani dutse na ga ɗaya yana turo yashi daga raminsa kamar mai haƙar rijiya, ga wani ɗan kifi da ake kira gobi tsaye a bakin ramin. Jatan landen bai gani sosai, saboda haka ya ɗora dogon gashin bakinsa a jikin kifin. Na matsa kaɗan, kifin ya kaɗa jela, su biyun suka faɗa rami. Na daɗe ina kallon wurin, raina cike da tasbihi.

Da yamma aka baje aikin a kan tebur. Kafin komai sai an ɗauki hoton kowanne da ransa, domin da zarar ya shiga kwalbar etanol, ruwan sinadarin da ke hana shi ruɓewa, launinsa ya gudu. Sannan a sa shi ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, a duba tsinin goshinsa, a ƙirga gaɓoɓin ƙafa, a auna awartakin, a yanki ɗan nama don gwajin ƙwayoyin gado. Malamin ya nuna mini wani tsohon suna, Alpheus djeddensis, wanda Bafaranshe Henri Coutière ya raɗa a 1897 da sunan Jidda. Jiddar da kakana ya sauka.

Akwai guda ɗaya, bai kai gaɓar yatsa biyu ba, mai ɗigo-ɗigon ja a baya, wanda ya ƙi dacewa da zanen littafin da ke gabansu. Na ce, "Malam, ke nan kun samo sabo?" Ya girgiza kai. Ya ce sai an gwada shi da na asali da aka ajiye a gidajen adana halittu, waɗanda yawancinsu ke Turai, sai an samo 'yan uwansa maza da mata, an rubuta siffarsa, masana sun tantance, an buga. Abin kan ci shekaru. Wannan tsantseni ya burge ni, ko da yake na ji ciwon cewa ɗalibin da ke kwana a bakin wannan teku sai ya nemi biza kafin ya ga halittun da aka ɗiba daga cikinsa.

Ɗan kawuna ya yanki 'yar takarda, ya rubuta da fensir, don tawada narkewa take yi a etanol: Alpheus, Sanganeb, da kwanan wata. Gurbin suna na biyu, wanda ke bambanta wannan iri da sauran Alpheus, ya bar shi fili, ya jefa takardar cikin kwalbar ya rufe.