Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar da Ta Yi Wata Tara a Hanya

A makon jiya na tsaya ne inda aka maido ni Tawa, aka zaunar da ni a biro saboda gwiwata ta hana ni fita daji. Aikina ya koma buga takardu, rubuta su a rajista, da dangwala tampo.

Wata rana bayan la'asar, a cikin 2017, ƙanwata ta kira ni daga ƙauye, murya cike da murna.

"Yaya, na ga ɗanka a salula! Har ya yi kumatu."

Yaron ɗanta ne, sabon soja, an kai su wani wuri a arewa wanda ni kaina ban isa in faɗi sunansa a waya ba. Na ce ta sa a turo mini hoton. Da na buɗe, gabana ya faɗi. Ga shi yana dariya, a bayansa motoci sun yi layi har ana iya ƙidaya su, can nesa kuma ga wani dutse da duk makiyayin yankin ya sani. Hoton ya bi WhatsApp zuwa wurin abokinsa ɗan cirani a Abijan, daga can ya dawo ƙauye, duk cikin yini ɗaya. Hannu nawa ya ratsa, Allah kaɗai ya sani.

Da na same shi a waya sai ya ce, "Kawu, gaisuwa ce kawai na yi wa inna." Ban iya yi masa faɗa ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu.

Daren nan na rubuta rahoto shafi biyu. Na roƙi a riƙa karɓar salula kafin a fita aiki, a koya wa sababbi kashe abin da ke nuna inda mutum yake. A soja takarda ba ta tsallake kowa, sai ta bi matakala ɗaya bayan ɗaya. Ta dawo mini sau biyu, na farko wai lambar shaida ba ta cika ba. Sai aka yi wa wanda ke riƙe da ita canjin wurin aiki, ta kwanta a cikin dosiye. Wani babba da nake girmamawa ya ce mini, "Ajidan, dokar da ke hannunmu ta san kyamara da rediyo, ba ta san wannan ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo.

A ƙarshen Janairun 2018 wani matashin laftana ya nuna mini labarin Strava, manhajar masu gudu da tuƙa keke. Tun Nuwamban 2017 kamfanin ya fitar da taswirar inda masu amfani da ita suka taka. Wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa a tsakiyar duhun Siriya da Afganistan akwai zanen haske, sawun sojojin Amurka ne masu zagaye sansaninsu da gudu. Ma'aikatar tsaron Amurka, da duk kuɗinta da masananta, sai a watan Agusta ta hana sojojinta da ke fagen daga kunna abin da ke nuna inda mutum yake. Ban ji sanyi ba da na ga haka. Tunanina yana kan ɗan ƙanwata da yaran da ke kwana tare da shi.

Amsar rahotona ta iso bayan wata tara, layi ɗaya: an gani, a ci gaba da faɗakarwa. Na riƙe takardar na shiga wurin kaftin ɗinmu, na sara masa, na ce ya ba ni minti talatin da sababbin da za su tafi arewa ranar Litinin. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce in zo da asuba.

Abin da ya faru a filin fareti da asubar nan, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.